Ruwan da Baba Bai Ba Ni Ba

A tashar jirgin ƙasa ta Verona na fara ganin Baba bayan shekara tara. Ba da fuskarsa na gane shi ba, da tafiyarsa ce: yana ɗan jan ƙafar hagu, kamar yadda Kaka take yi. Hoton da ke manne a bangon ɗakinmu a unguwar Kanvili ta Tamale na wani mutum ne mai kumatu, tsaye a gaban jar mota. Wanda ya nufo mu kuwa siriri ne, rigar sanyinsa ta fi shi girma, furfura ta fito masa a haɓa.

Mu shida makarantarmu ta kai Italiya a dogon hutu, saboda wata makaranta a can da ke ƙawance da tamu. Mun yi kwana goma muna zaga ajujuwa da gidajen tarihi. Kwana ukun ƙarshe ne Madam Fati, malamar da ta rako mu, ta yarda Baba ya ɗauke ni, don Mma, mahaifiyata, ta rubuta mata takarda tun a gida.

Na durƙusa a kan simintin tashar zan gaishe shi. Ya yi sauri ya ɗago ni, yana waige-waige.

"Tashi, tashi, Rahi. Nan ba a yin haka."

"Ei, boga!" in ji Madam Fati tana dariya. "Ga 'yarka nan, ka ga ta fi ka tsawo. Ranar Alhamis ƙarfe huɗu, nan wurin. Jirgin sama ba ya jiran ɗan kowa."

"Yoo, Madam. In Allah ya yarda."

A unguwarmu duk wanda ke Turai boga ake ce masa, ni kuma tun ina ƙarama 'yar boga ake kirana. Na ga kalmar ba ta yi masa daɗi ba.

Ba hutu kaɗai ya kawo ni ba, ina ɗauke da saƙo. Kaka, mahaifiyar Baba, ta kwanta tun watan azumi. A asibiti sun ce a mai da ita gida a riƙa ba ta duk abin da ranta ke so, kuma ba wanda bai san ma'anar wannan ba. Ana gobe zan taho ta sa na zauna a bakin katifarta.

"Ki ce wa Inusa, ni da na haife shi ina kiransa. Ya zo in gan shi kafin a ɗauke ni. Maimaita in ji."

Na maimaita. Sannan na ce, "Kaka, me zai hana ki gaya masa a waya?"

"Da na fara sai ya ce layi ba kyau. Saƙo sai da ƙafa." Ta riƙe wuyan hannuna da yatsunta masu sanyi. "Amma ba a watsa wa babba saƙo kamar ana watsa wa kaji tsaki. Zai ba ki ruwa da hannunsa, ki sha, ya tambaye ki abin da ke tafe da ke. Sannan ki buɗe baki."

Haka ake yi a gidanmu. Ko labarin rasuwa mutum ya kawo daga Gumani, sai ya zauna, mai gida ya miƙa masa ruwa, ya sha, a tambaye shi hanya da mutanen gida, sannan a ce, "To, me ke tafe da kai?" Kuma kowa ya sani, ɗan da uwarsa ta aiko masa irin wannan kira, ya ji da kunnensa, ba shi da bakin cewa a'a. In ya ƙi, ya ɗauki abin da zai bi shi har kabari.

Don haka tun daga tashar Verona nake kallon hannun Baba.

Ban taɓa shiga jirgin ƙasa ba sai ran nan. Kujerun suna kallon juna, gwiwata na kusan taɓa tasa. Ya zaɓi kujerar ƙarshe, dab da ƙofa, ko da yake akwai wurare da yawa a tsakiya. Ya buɗe jaka ya fito da kwalbar lemo da biskit ya ajiye a gabana.

"Sha. Na nan ya fi na gida."

Na sha. Lemo ba ruwa ba ne, sai na ci gaba da jira.

Da farko gonakin inabi ne a jere, an ɗaure kowane reshe a jikin waya. Can sai ƙasa ta fara tashi hagu da dama, har ta zama bango. A Tamale, in hadari ya taso daga wajen Kasalgu, kana tsaye a ƙofar gida za ka gan shi tun yana nesa, ka kwashe shanya, ka kama akuya, bai iso ba. A nan sama ta koma ɗan tsiri a bisa kanmu. Wani kogi na bin jirgin, ruwansa fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa. A can ƙolin duwatsun akwai gidaje ɗai-ɗai, na rasa ta ina masu su ke kai buhun masara.

Sai jirgin ya faɗa wani rami da aka haƙa a cikin dutse. Kunnuwana suka toshe, taga ta yi baƙi ta zama madubi. A cikinta na ga Baba yana kallona, kallo sosai, tun daga ɗankwalina har yatsuna. Da muka fito haske sai na tarar idonsa na kan wayarsa. Ramukan suna da yawa a hanyar nan, kuma duk wanda muka shiga haka ya yi.

Tambayoyi kam ya yi. Aji nawa nake? Har yanzu mai waken bakin masallaci tana nan? An gyara hanyar kasuwa? Da gaske kekunan yalo-yalo masu ƙafa uku sun kori tasi? Sau ɗaya ya ce, "Mutanen gida lafiya?" Na ce, "Lafiya lau," don gaisuwa ba ta da wata amsa. Ya gyaɗa kai da sauri, ya nuna mini wata tsohuwar ganuwa a kan dutse.

Duk tashar da muka tsaya, sai ya daina magana ya dubi masu shigowa ɗaya bayan ɗaya. Sai ƙofa ta rufe yake ƙarasa abin da ya faro.

A Trento muka sauka. Ya ce akwai wani ƙaramin masauki mai kyau, taga na kallon dutse. Matar da ke kan tebur ta yi mana murmushi, ta ce wani abu, ta miƙo hannu. Baba ya ce in ba ta fasfona, na ba ta. Ta rubuta, ta sake miƙo hannu wajensa. Ya lalube aljihun gaba, ya lalube na baya, ya buɗe jaka ya rufe. Suka yi magana da Italiyanci, muryarsa ƙasa-ƙasa, yana dariyar da ba ta kai ido ba. Matar ta girgiza kai, ta turo mini fasfona da yatsa ɗaya.

A waje ya ce, "Ɗakunan sun cika. Dama akwai inda ya fi nan."

Na ga makullai rataye a bayan matar, sun fi goma.

Muka shiga bas mai hawa dutse. Hanyar tana naɗewa kamar igiyar guga. A kowace kwana direba sai ya danna ham, ni kuma in na leƙa ta taga ba na ganin gefen titi, sai kan bishiyoyi can ƙasa. Na runtse ido. Wata mata mai jan gashi da ke gefe ta lura, ta miƙo mini alewa mai yaji-yaji, ta nuna mini da hannu in riƙa kallon gaba, kada in kalli ƙasa. Ya yi mini amfani. Na so in gode mata da kyau, amma kalma ɗaya tak na sani a harshensu, ita na faɗa sau uku.

Ƙauyen da muka sauka bai fi layi biyu ba, da coci a tsakiya. Can wata 'yar garinmu take, Anti Memuna, tana kula da wata tsohuwar Baturiya a gidanta. Da ta buɗe ƙofa ta gan ni sai ta dafa ƙirji.

"Ei! Inusa, wannan ce Rahin? Amaraba, amaraba! Shigo, 'yata. Kai kuma cire takalminka, kada ka ɓata mini ƙasa."

Ta zaunar da mu a kicin. Kafin komai ta ɗauko kofi biyu ta cika da ruwa, ta miƙo mini da hannu biyu. Da na sha sai hawaye ya zo mini, ban san dalili ba. Ta tambayi hanya, ta tambayi Mma, sannan ta zauna ta gyara zani.

"To, Inusa, me ke tafe da ku?"

"Yawo. Na kawo ta ta ga dusar ƙanƙara."

"Ƙanƙara a watan nan? Sai dai a firiji." Ta juyo wajena. "Ke fa, 'yar gida? Haka kawai aka sako ki daga Tamale?"

Baba ya miƙe tsaye. "La'asar na wucewa. Ina alƙibla a gidan nan, na manta."

"Kullum sai ka manta," in ji Anti Memuna. Ta bi shi da ido har ya fita, sannan ta dube ni. Ba ta sake tambaya ba, ta san saƙon ba nata ba ne.

Ta tuƙa mana tuwo da garin masarar Turawa, da miyar busasshiyar kuɓewa da aka aiko mata daga gida. Tsohuwar tana zaune a keken marasa lafiya a bakin taga. Fatar hannunta kamar takardar da ta jiƙe ta bushe. Ta kama hannuna ta ƙi saki, tana kirana da wani suna da ba nawa ba.

"Sunan jikarta ne," in ji Anti Memuna tana shafa mata mai a ƙafa. "'Ya'yanta na birni, tafiyar awa uku kacal, sai ƙarshen shekara suke leƙowa. Mu kuma ga mu nan muna shafa wa uwayen wasu mai, namu na can suna kallon ƙofa."

Baba ya sa loma a baki ya daɗe bai haɗiye ba.

Ni na kwana a ɗakin Anti Memuna. Shi ya tafi wani gida a bayan gonakin tuffa, inda ya ce abokansa suke. Da safe na ga ciyayi a bayan rigarsa.

Rana ta biyu bas biyu muka hau, kullum sama muke yi. Bishiyoyi suka gajarce, suka ƙare, sai ciyawa da dutse. Shanu na kiwo ba makiyayi, kowace da ƙararrawa a wuya, ƙararsu na tashi ta ko'ina kamar ana wanke kwanoni a gida mai yawa. A inda bas ya tsaya akwai wani babban otal da motoci a gabansa. Sanyi ya shiga mini har haƙori. Baba ya cire rigarsa ya yafa mini, sai na ga ƙasusuwan kafaɗarsa.

"Ga ƙanƙarar can," ya nuna. Can nesa, a tsagin wani dutse, akwai ɗan fari kamar an manta ƙyalle. Akwai wasu akwatuna masu tafiya a kan waya da ke kai mutane wajen. Ya je ya karanta allon da ke gaban tagar tikiti, ya dawo ya ce iska ta yi yawa yau, ba kyau a hau. Ina kallon yara ƙanana suna shiga da iyayensu.

Sai ya shiga ɗaukar hoto. Ki tsaya nan gaban otal. Ki matsa kusa da farar motar can, amma kada ki taɓa. Ki yi murmushi, za mu tura wa Mma. Ina tsaye kusa da motar da ba mu san mai ita ba, sai na tuna hoton bangon ɗakinmu, murmushin ya ƙi zama.

Na tattara duk ƙarfin halina na ce, "Baba, ina jin ƙishi."

Ya shiga otal ɗin ya fito da shayi mai zafi a kofin takarda. Bayan awa ɗaya na sake faɗa. Wannan karon tsabar kuɗi ya zuba mini a hannu ya nuna mini shago. "Je ki sayo abin da kike so."

Na sayo ruwa da kaina, na sha da kaina. A hanyar dawowa, ya ɗauka barci nake, na ga ya zaro wata tsohuwar gorar roba daga ƙasan jakarsa, ya juya baya ya sha, ya mayar. Tun jiya tana ciki.

A nan na gane ba mantuwa ya yi ba. Da ina ce wa kaina shekara tara a Turai ta goge masa al'adar gida. Ashe ya tuna ta sarai, ya fi ni tunawa. Na jingina goshina da taga, duwatsu suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya fi na baya kyau, ni kuma ba abin da nake so irin in ga fili shimfiɗe da jar ƙasa. Saura kwana ɗaya. Na tuna yadda Kaka ke sa a juya mata katifa ta fuskanci ƙofar zaure.

Ranar Alhamis da safe Anti Memuna ta raka mu bakin bas. Ta cusa mini ƙullin gyaɗa a aljihu, ta raɗa mini a kunne, "Ubanki ba mugu ba ne. Ki riƙe wannan." Ga Baba kuma ta ce da ƙarfi, "Kai, ka ji tsoron Allah."

"Ina jin sa, Memuna."

"Ka ƙara."

Muka gangaro kwari muka shiga jirgin komawa Verona. Kujerar ƙarshe, dab da ƙofa. Mun wuce tasha uku, a ta huɗu sai na ga jikinsa ya sandare. 'Yan sanda biyu ne a kan dakalin tashar, suna nufo ƙofar gaba. Ya sunkuyo wajena, bakinsa kusan ba ya motsi.

"Ki zauna. Ki sauka a tasha ta biyu daga nan. Ki jira ni. Ko me ya faru kada ki motsa daga wurin."

Kafin in ce wani abu ya fita ta ƙofar baya, ya bar jakarsa a kan kujera. Ƙofa ta rufe. Na gan shi ta taga yana tafiya a hankali, hannu a aljihu, kamar mutumin da ya zo shan iska, yana jan ƙafar nan tasa.

'Yan sandan suka shigo suka zauna kujera biyu daga inda nake. Suka cire huluna. Ɗaya ya buɗe takarda ya fito da burodi ya gutsura wa ɗan'uwansa. Suna hira suna dariya, ɗayan yana nuna wa ɗayan hoton jariri a waya. Ba su tambayi kowa komai ba. Ko kallona ba su yi ba.

Na sauka inda ya ce. Tasha ce ƙarama, ba ma'aikaci, ba mai sayar da komai, sai benci ɗaya da agogo da injin tikiti. A gida ko a tsakiyar daji mota ta tsaya, sai ka ga mai ƙosai ko mai ruwan leda ta ɓullo. Nan ba kowa. Dutse a gaba, dutse a baya. A gefen tashar akwai wani kwami na dutse, ruwa na zuba cikinsa daga bututu ba tsayawa, shi kaɗai ke magana a wurin.

Wayata ba ta da layin ƙasar. Na zauna na rungume jakarsa. Jirgi ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce. Ƙararrawar coci ta buga sha ɗaya, ta buga sha biyu. Na fara tunanin an kama shi. In an kama shi, ina zan nemo shi? Me zan ce wa Madam? Me zan ce wa Kaka, in ce na zauna da ɗanta kwana uku gwiwa da gwiwa, na dawo mata da maganarta a baki? Na yi ta maimaita saƙon a hankali don kada kuka ya ɓata mini shi.

Wani tsoho ya zo a kan keke zai cika gora a kwamin. Ya dube ni, ya dubi jakar, ya yi tambaya. Na girgiza kai. Ya buɗe kwandon kekensa ya ɗauko tuffa ɗaya, ya goge ta a jikin rigarsa, ya ajiye a gefena a kan benci. Ya nuna agogo, ya yi alama da tafin hannu kamar mai cewa a yi haƙuri, ya hau kekensa. Na riƙe tuffar ban ci ba.

Ɗaya saura kwata wani bas ya tsaya a bakin titi. Baba ya sauko yana haɗa gumi duk da sanyin.

"Rahi! Kin ga, na ce miki zan zo. Bas ɗin ne ya zaga ta wani ƙauye. Sun yi miki magana?"

"Burodi suka ci."

Ya tsaya, ya yi wata 'yar dariya, ya share fuska da hannu.

Ni ba mai magana ba ce. A aji ko na san amsa ba na ɗaga hannu. Ban san inda na samo abin da na yi ba. Na buɗe jakarsa a gabansa, na zaro gorar, na je kwamin na cika ta. Ruwan ya yi sanyi har yatsuna suka yi zafi. Na dawo na sa masa ita a hannu, na durƙusa a gabansa a kan tsakuwa, na tara hannu biyu.

Ya daɗe yana kallon gorar. Sannan ya zauna a bakin kwamin.

"Tsohuwata ce ta koya miki wannan dabarar?"

Na girgiza kai.

"To jininta ne." Ya juya gorar a hannunsa. "Tun da kika durƙusa a Verona na san abin da ke bakinki. Tashi ki zauna, tsakuwa za ta ji miki ciwo."

Ban tashi ba.

"Rahi, ba ni da takarda. Shekara huɗu ke nan. Kamfanin da nake aiki ya rufe, takardar zamana ta mutu. Wani mutum, ɗan ƙasarmu, muna salla sahu ɗaya, ya ce ya san hanya. Ya karɓi fasfona da abin da na tara. Daga ranar ban sake ganinsa ba. Yanzu tuffa nake tsinka in lokacinta ya yi, in ya wuce in wanke kwanoni. Akwai masu taimakon irinmu, sun shigar mini da magana, sun ce in jira. Wata shida, shekara, ba wanda ya sani." Ya nuna layin dogo da haɓa. "Fita ba wuya. Gobe ma in na kai kaina za su sa ni a jirgi. Dawowa ce babu. In na tafi, makarantarki ta tsaya, ta ƙannenki ta tsaya, maganin da ake saya wa Kakarki ma ya tsaya. In je in zauna a zaure in yi me? In nuna musu hoto?"

"Baba, ba ta cin abinci. Koko ma cokali uku take sha."

Wannan ba ya cikin saƙon, don haka na iya faɗa. Ya rufe ido.

"In na ba ki ruwan nan, dole in tambaye ki. In na tambaye ki, dole ki faɗa. In kika faɗa, ko in tafi in kashe gidan, ko in ce wa uwata a'a. Wanne kike so in ɗauka? Zaɓar mini."

Na sunkuyar da kai.

"Ki ce mata ban tambaye ki ba," ya ce. "Ba ƙarya kika yi ba."

Ya ajiye gorar a kan dutse, tsakanina da shi.

Maganar tana nan a kan harshena, na haddace ta kamar Fatiha. Ba wanda zai riƙe mini baki. Ba ɗan Kanvili ko ɗaya a cikin duwatsun nan da zai ce Rahi ba ta da kunya. Da na faɗa, da ya ji, kuma na san da ya tafi. Na buɗe baki. Na dubi takalminsa, an ɗinke gefensa da zaren da ba kalarsa ba. Na rufe bakin.

Har yau ban san ko tausayinsa na ji ba, ko tsoron a cire ni daga makaranta. Na fi so in ce na farkon ne.

Jirgin ƙarfe ɗaya da rabi ya zo. Muka shiga, muka zauna a kujerar ƙarshe. Duwatsu suka yi ta raguwa har suka koma gonakin inabi. A cikin ramukan ban kalli taga ba.

Mun isa Verona da sauran lokaci. Madam Fati ta ce, "Ei, 'yar boga, kin taɓa ƙanƙarar?" Na ce na gan ta. Baba ya cire rigar sanyinsa ya ninke ya sa mini a jaka, ya ce in kai wa Kaka, asuba na yi mata sanyi. Ya dafa kaina, ya juya. Bai jira motarmu ta tashi ba.

Daga Accra mota muka biyo zuwa Tamale. Da ƙasa ta buɗe ta shimfiɗe, abokan tafiyata suka yi ta shewa, ni kuwa kowane kilomita nauyi yake ƙara mini. Yalo-yalo ya sauke ni a ƙofar gida da hantsi.

Kaka ta ƙara ƙanƙancewa. Ta sa Mma ta tallafo ta ta jingina da bango, ta sa aka kawo ruwa, ta ɗora hannunta a kan kofin har ya iso gare ni. Na sha. Ta tambayi hanya, ta tambayi sanyi. Sannan ta ce, "To?"

"Kaka, bai tambaye ni ba."

"Kwana uku?"

"Kwana uku."

"Ruwa fa?"

"Lemo ya ba ni. Da shayi."

Mma ta fara faɗa, tana cewa wane irin mutum ne wannan, ni kuma wace irin doluwa ce da ba zan buɗe baki ba. Kaka ta ɗaga yatsa ɗaya, Mma ta yi shiru. Na fito da rigar na ba ta. Ta shafa wuyan rigar inda ya goge, ta shafa gwiwar hannun inda aka yi faci, ta kai hanci ta shinshina. Ta daɗe a haka.

"To bai ƙi ni ba," ta ce. Ta juya wajen Mma. "Daga yau kada wanda ya ƙara ce masa jikina ya yi tsanani. In ya kira, ku ba ni."

Bayan la'asar ya kira. Na ji Kaka ta tattaro murya daga inda ban san tana da saura ba, tana ce masa ta samu sauƙi sosai, yau ma tuwo malmala biyu ta ci, ya zauna ya yi aikinsa. Ni na riƙe mata wayar a kunne, don hannunta ba ya iya ɗauka.